Makarantar Da Unguwa Ke Da Rabo A Cikinta

Yawancin makarantun Jos kan tashi kafin la'asar, daga nan azuzuwa da fili su kwana a kulle, alhali mutanen unguwa na neman wurin taro ruwa a jallo. Maganin da masu zanen gini suka kawo shi ne harabar haɗaka, wato makarantar da aka tsara tun daga tushe don ɗalibai da jama'a su riƙa amfani da ita bi da bi.

Tunanin ya daɗe. A Ingila, jami'in ilimi Henry Morris ya jagoranci kafa irinta a ƙauyen Sawston a 1930, yara da rana, manya da dare. A Jos ma, makarantar Hillcrest da mishan ɗin Church of the Brethren ya kafa a 1942, daga baya wasu ƙungiyoyin mishan sun shigo an riƙa tafiyar da ita tare, maimakon kowa ya gina tasa.

Sirrin yana wajen rabon fili, kamar zaure da cikin gida. Ɗakin taro, laburare, filin ƙwallo da famfo su kasance bakin titi, da ƙofarsu da banɗakinsu da mitar wutarsu. Azuzuwa da ofishin shugaban makaranta su koma bayan ƙofa ta biyu. Matan da suka zo ajin yaƙi da jahilci da yamma ba sai sun ratsa ajin yara ba, maigadi kuma ƙofa ɗaya zai tsare.

Sai ruwa. Jos na samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, kuma kowace milimita a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 200 ke nan zai iya tara kusan lita 280,000, in an yi masa indararo da tanki. Tudun da garin ke kai, kimanin mita 1,200, ya sa tagogi masu fuskantar juna sun wadatar wajen iska, sai dai a yi musu marufi saboda sanyin hunturu.

Ƙasar kuwa sai an gwada ta kafin haƙa tushe, domin haƙar kuza ta bar tsofaffin ramuka a Filato. Ingancin ginin kansa ba abin wasa ba ne: ruftawar makarantar Saints Academy a Busa Buji ranar 12 ga Yulin 2024 ta ci rayuka 22.

Tun rikicin 2001 unguwannin Jos da dama suka rabu bisa addini, don haka titin da ƙofar jama'a ta fuskanta shi ke nuna wa zai shigo hankali kwance. A ganina wannan ya fi duk sauran nauyi. Kafin a aza bulo na farko, kwamitin kula da makaranta ya zauna da masu unguwannin ɓangarorin biyu, a rubuta wa ke riƙe makulli, wa ke biyan kuɗin wuta, wa kuma zai gyara famfo in ya lalace.