Shekarar 'Yan Tamaula A Kwalejojin Arewacin Kano

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Bichi, ko wadda ta nufi Ɗambatta, ya sani ƙasar nan ba ta da saura. Gona tana manne da gona, ga gero, ga dawa, ga gyaɗa da wake, kowace shekara a kai taki a sake noma ta. A irin wannan ƙasa filin tamaula abu ne mai tsada. Cikakken fili tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa mita 68, watau ya kusa eka 2. Magidanta da yawa za su yi murna su sami gona mai wannan girma.

Saboda haka galibi sai a makarantu ake samun fili sosai, irin su Kwalejin Horon Malamai ta Tarayya a Bichi, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, da Makarantar Kimiyya ta Dawakin Tofa, wadda aka buɗe a 1977. Bari mu bi ƙungiyar kwaleji a cikin shekararta, mu ga abin da take fama da shi.

DAGA KAKA ZUWA BAZARA

Sa'ad da aka komo hutu wajen watan Satumba, damina ta ja jiki, fili ya cika da ciyawa da ƙarangiya. Aikin fari na 'yan wasa ba buga ƙwallo ba ne, sai ɗaukar langalanga. In an share, a ja layi da toka ko farar ƙasa, sa'an nan malamin wasanni ya zaɓi mutanensa daga cikin sababbin ɗalibai da tsofaffi.

Da kaka ne wasa ya fi daɗi, gama ƙasa tana da sauran laushi, kuma samarin ƙauyukan kewaye sun rage aikin gona, sai su zo kallo, wani lokaci ma su nemi a kara da su. Hunturu na shigowa a Disamba al'amari ya sake. Ƙasa ta bushe ƙamas, hazo ya sauko, wanda ya faɗi sai gwiwa ta saɓule, mai tsaron gida kuwa shi ya fi kowa shan wuya. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan kai awo 40, ba mai taɓa ƙwallo sai bayan la'asar. In azumi ya faɗo a tsakani, a ajiye gasa sai bayan Salla. Daga nan jarrabawa ta ƙarato, ruwa ya sauka, 'yan wasa su koma gida su kama fartanya. Watau duk shekarar ƙungiya ba ta fi 'yan watanni ba.

ABIN TSORO

Tun zamanin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, wasa yana tafiya tare da karatu a Arewa. Kano kuwa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. 'Yan wasanta sun ɗauko Kofin Ƙalubale a 1953, Raccah Rovers ta zama zakarar ƙasa a 1978, Kano Pillars kuma ta yi haka a 2008, 2012, 2013 da 2014. Amma gwani ba ya faɗowa daga sama. Sai ya sami inda zai koya tun yana yaro, yaron ƙauye kuwa ba shi da wani wuri in ba filin makaranta ba.

To, ga inda abin tsoro yake. Jama'a na ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Makarantar da ba ta da shinge, bana maƙwabci ya shigo da kunya ɗaya, baɗi ya ƙara biyu, masu babura su fasa hanya ta tsakiya, hukuma kuma in ta rasa wurin sabon aji sai ta dubi filin wasa. Filin da aka kafa wa tubali ba ya komowa har abada.

Muna roƙon shugabannin kwalejoji su auna filayensu, su kafa alamar iyaka a gaban dagatai da masu unguwa, su kuma bar samarin gari su riƙa wasa a ciki bisa ƙa'ida, gama wanda yake cin moriyar abu shi ne mai tsaronsa. Allah Ya sa a ji, a kuma yi aiki da shi, amin.