Amanar Gidajen Waƙafi: Yadda Muke Tantance Masu Haya

Asalin waƙafi, ko hubusi kamar yadda malaman Malikiyya suka fi kiransa, shi ne a tsare dukiya a ciyar da amfaninta. Shawarar da Manzon Allah (SAW) ya bai wa Sayyidina Umar (RA) ke nan game da ƙasar da ya samu a Khaibara. Amfanin gida ko shago kuwa shi ne kuɗin hayarsa. Duk shekarar da ɗan haya ya ƙi biya, ko ya tashi ya bar gini a lalace, asarar kan faɗa wa marayu da mabuƙata da makarantun Islamiyya da aka yi waƙafin dominsu. Shi ya sa ba ma miƙa mabuɗi sai bayan bincike.

Yanayin yankinmu ma yana buƙatar haka. Samaru ta bunƙasa ne a gefen Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962. Basawa na da barikin soja, Palladan na da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, Sabon Gari kuwa matattarar 'yan kasuwa ce tun zuwan jirgin ƙasa. Saboda haka da yawa daga masu neman haya baƙi ne: ɗalibi, ko ma'aikacin da za a iya canja wa wurin aiki a tsakiyar shekara. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata 8, ya nuna yadda ɗakunan ɗalibai kan zauna a kulle ba tare da an san matsayin hayarsu ba.

Abin da muke fara nema shi ne shaidar ko wane ne mutum: katin ɗan ƙasa, tare da na wurin aiki ko na makaranta. Daga nan sai wakilinmu ya je inda ya zauna a baya, ya ji ta bakin mai gidan da mai unguwa da maƙwabta. Yana biya a kan lokaci? Ya bar bashin wuta? Yaya zamansa da jama'a? Muna kuma duba hanyar samunsa, domin ɗora wa mutum hayar da ta fi ƙarfinsa cutarwa ce gare shi da waƙafin baki ɗaya. Sai ya kawo mai tsaya masa, mazaunin gari wanda aka sani. Ɗalibi kuwa, mahaifinsa ko waliyyinsa. Idan shago ne, sai ya bayyana sana'ar da zai yi, don ba a bayar da dukiyar waƙafi ga abin da Shari'a ta haramta.

Idan an gamsu, sai a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu biyu, bisa koyarwar aya ta 282 ta Suratul Baƙara. A ciki akan faɗi kuɗin haya da wa'adinsa, yawan mazauna, gyaran da ke kan kowane ɓangare, halin da mitar wuta take ciki, da hana ɗan haya ya sa wani a madadinsa ba da izini ba.

Ma'auni ɗaya muke yi wa kowa. Ƙabila ko garin asali ba sa hana mutum haya, sanayya kuma ba ta ɗauke masa bincike. Ɗan kwamitin da ɗan'uwansa ke nema yakan janye daga zaman, kuma farashin shi ne wanda ake biya a makamancin gidan a unguwar. Rangwame da dukiyar maraya ba alheri ba ne.

Wanda aka tabbatar ya shiga ƙunci bayan ya tare, muna yi masa jinkiri kamar yadda Alƙur'ani ya umarta, sashen zakka kuma ya duba lamarinsa daban. Ba a haɗa asusun biyu.

Muna roƙon kwamitocin masallatai masu shaguna ko ɗakunan haya su riƙi wannan tsari, su kuma faɗi gaskiya idan an nemi shaidarsu a kan wani. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya karɓi sadakar masu waƙafi, Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.