Na'urar Nuna Hanya a Mota: Amfaninta da Iyakarta

Kowace shekara shamuwa kan taso daga kudancin Afirka ta iso mana gab da faɗuwar damina, ba tare da ta tambayi kowa hanya ba. Shi kuwa ɗan Adam sai da ya harba taurari sararin samaniya kafin ya sami 'yar na'urar da direba ke maƙalawa a gilashin mota, wato GPS.

To, yaya take aiki? Amurka ce ta kafa tsarin, ya kuma kammala a 1995 da taurarin ɗan Adam 24, masu shawagi a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa. Kowane tauraro yana aiko da saƙon rediyo mai ɗauke da lokaci da matsayinsa. Na'urar kan auna daɗewar saƙon a hanya, ta lissafa nisan tauraron. Idan ta sami saƙon taurari huɗu, sai ta gane inda motar take. Tun da aka daina dagula saƙon da gangan a shekarar 2000, kuskurenta ya ragu daga kusan mita 100 zuwa 'yan mitoci.

Ko mai arahar cikinsu tana nuna gudun mota da sauran nisan tafiya, ta kuma yi magana idan an zo mararraba kamar ta Daki Takwas, tsakanin Anka da Gummi. Ba ta buƙatar layin waya, domin taswira na cikinta. Ke nan ko lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, saƙon taurari bai yanke ba.

Amma fa a lura: taurari matsayi kaɗai suke bayarwa, hanya kuwa daga taswira take fitowa. Taswirar na'ura mai araha takan tsufa, kuma ƙauyuka da hanyoyin burji da yawa ba sa cikinta. Ba ta san gulbi ya cika ya yanke hanya ba. Mafi muni, ba ta san inda 'yan bindiga ke tare matafiya ba, za ta iya zaɓar gajeriyar hanya ta cikin daji.

Saboda haka mai zuwa Bagega ko Bukkuyum ya duba na'urarsa, sa'an nan ya tsaya tasha ya tambayi direbobin da suka fito can da safe. Matambayi ba ya ɓata.