Matsayin Masara ga Mutanen Meziko a Zamanin Cinikayya Marar Shinge

Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bayyana dalilin da ya sa masara, wadda masana tattalin arziki suke ɗauka a matsayin haja kawai, ta zama abin gwagwarmayar siyasa a Meziko.

Masara da Al'ada

A kudancin Meziko ne aka fara noman masara, kimanin shekaru 9,000 da suka wuce. Littafin Popol Vuh na al'ummar Maya ya nuna cewa da ƙullun masara aka halicci mutane. Har yanzu abincin yau da kullum shi ne tortiya, wato wata gurasar masara marar kauri. Ƙananan manoma kuwa sukan shuka masara tare da wake da kabewa a gona guda. Bayan juyin juya halin 1910, sashe na 27 na tsarin mulkin 1917 ya ba da damar raba wa ƙauyuka gonakin gandu da ake kira ehido, waɗanda doka ta hana sayarwa. Ta haka masara ta haɗa abinci da asali da haƙƙin mallakar ƙasa.

Janyewar Hukuma

A 1992, zamanin Shugaba Salinas de Gortari, aka gyara wancan sashe, aka buɗe ƙofar sayar da gonakin. Ranar 1 ga Janairun 1994 yarjejeniyar NAFTA da Amurka da Kanada ta fara aiki. A ranar ce kuma 'yan Zapatista suka yi bore a jihar Chiapas. A 1999 aka rushe CONASUPO, hukumar da take sayen amfanin gona a kan tsayayyen farashi. Masarar Amurka, wadda gwamnatinta take tallafa wa, ta kwararo da araha, galibinta rawaya ce ta abincin dabbobi. Farashin da ƙaramin manomi yake samu ya faɗi, da yawa suka yi ƙaura zuwa birane ko Amurka.

Abin lura shi ne, arahar ba ta dawwama ga mai ci ba. A Janairun 2007 tortiya ta yi tsada ƙwarai, dubban mutane suka yi zanga-zanga a babban birnin ƙasar. A shekarar ce ƙungiyoyin manoma suka soma kamfe mai taken "in babu masara, babu ƙasa".

Kammalawa

A Disamban 2024 kwamitin sasanta rikicin ciniki ya yanke hukunci cewa matakan Meziko na taƙaita masarar da aka sauya wa ƙwayoyin halitta sun saɓa wa yarjejeniyar da ta gaji NAFTA. A Maris ɗin 2025 sai Meziko ta sanya haramcin shuka irin wannan masara cikin tsarin mulkinta. Wannan ya nuna mana cewa ko da kasuwa ce take yanke farashi, mutanen Meziko ba su yarda su bar mata iri da gona ba.