Ƙwallon lambu: me ake saye da jika 400 na yini ɗaya a kan ciyawa?

A filin Pebble Beach da ke bakin teku a jahar Kaliforniya ta Amurka, duk wanda ya buga ƙwallon lambu, wato golf, zagaye ɗaya tak a shekarar 2024, dala 675 ya biya. Dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. In aka juya kuɗin zuwa sefa, sun kai wajen jika 400. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun watan Janairun 2024 jika 42 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci sai ya yi wata tara da ɗoriya yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara kuɗin wasan da ba ya wuce awa biyar.

Duk da haka masu biya ba su ƙare ba, har sai mutum ya kama wuri tun da watanni. To me suke saye da wannan kuɗi, kuma ya cancanci a biya? Amsar ta shafi har mutanen Gabi da Madarunfa da ba su taɓa riƙe sandar wasan ba, domin ƙarshen lissafin a kan ruwa da ƙasa yake tsayawa.

Yadda wasan yake

Ana buga ƴar ƙaramar ƙwallo mai tauri da sanda mai kan ƙarfe, daga wurin farawa har ta faɗa rami mai faɗin santimita 11 ba kaɗan. Cikakken fili yana da ramuka 18, kuma wanda ya gama su da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna har 14, shi ya sa ake ɗaukar mai dakon jaka, wanda sau da yawa ya fi mai sandunan sanin filin. Zagaye ɗaya tafiya ce ta kilomita 6 zuwa 8.

Hanyar shiga fili iri biyu ce. Ko dai mutum ya zama ɗan kulob yana biyan kuɗin shekara, ko ya zo a matsayin baƙo ya biya na zagaye ɗaya. Wannan na biyun shi ne abin da Turawa suka raɗa wa suna kuɗin ciyawa, kuma a kansa ake gardama.

Pebble Beach ma ba shi ne ƙarshen tsada ba. Filin Shadow Creek na birnin Las Vegas ya kai dala 1,250. Na Turnberry a Sikotilan, mallakar kamfanin Donald Trump tun 2014, ya sa fam 1,000 ga baƙon da bai sauka a otel ɗinsu ba a lokacin cikowar jama'a na 2025. Tsohon filin garin St Andrews, shi ma a Sikotilan, wanda ake ɗauka mahaifar wasan, fam 340 ne a shekarar 2025, wajen jika 260. Akwai kuma inda kuɗi ba ya buɗe ƙofa: a Augusta, inda ake gasar Masters tun 1934, sai ɗan kulob ya gayyace ka.

Abin da ke cikin farashin

Na farko, ciyawa. Wadda ke kewaye da rami ana aske ta kusan kullum, a bar ta ba ta wuce milimita 3 ko 4 ba, don ƙwallo ta gangara sumul. Ciyawar da aka yi wa irin wannan aski ba ta jure ƙishirwa ko cuta. Tana son ruwa, taki, magani, injuna da ma'aikata masu fitowa tun asuba.

Na biyu, ƙarancin wuri. Filin ƙwallon ƙafa na Janar Seyni Kountché a Yamai yana ɗaukar dubban ƴan kallo lokaci guda, shi ya sa tikiti ke da sauƙi. A ƙwallon lambu kuwa mutum huɗu-huɗu ake saki, wajen kowane minti 10. In an yi awa 10 ana saki, mutum 240 ke nan a yini, a kan fili mai hekta 50 zuwa 60. Kan waɗannan ƴan tsirarun ake raba dukkan ɗawainiyar.

Na uku, suna, kuma shi ya fi cin kuɗi. A Pebble Beach, wanda aka buɗe a 1919, Tiger Woods ya ci babbar gasar Amurka ta shekarar 2000 da ratar bugu 15. A watan Yulin wannan shekara ya ci ta Birtaniya a St Andrews. Babu mai son ƙwallon ƙafa da za a ba shi filin Real Madrid ya buga da abokansa, amma a ƙwallon lambu kowa na iya tsayawa daidai inda gwaninsa ya tsaya, ya gwada bugun da ya gani a talabijin. Akwai filaye masu ciyawa mai kyau da ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan farashi ba. Ratar da ke tsakani kuɗin suna ce, kamar yadda ake ƙara wa shadda kuɗi saboda tambarin da ke bakinta.

Kuma kuɗin da aka rubuta a ƙofa ba su ne duka ba. Mai dakon jaka da tukuicinsa daban ne. A Pebble Beach, waɗanda suka kama ɗaki a otel ɗin kamfanin su ke samun damar kama wuri da wuri, kuma kwanan ɗakin ya fi wasan tsada.

In da a Gabi ne

Mu kawo lissafin gida. Milimita ɗaya ta ruwa a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Mu ɗauka hekta 30 kawai za a riƙa ba ruwa a fili, kuma cikin zafin Maris zuwa Mayu ciyawa ta sha milimita 7 a yini. Lita miliyan 2 da dubu 100 ke nan kullum, wato bido 84,000 masu lita 25. In aka raba lita 20 ga kowane mutum, ruwan mutum 105,000 ne. A ƙidayar 2012, mutanen ƙaramar hukumar Gabi gaba ɗaya sun ɗan haura 80,000. Fili ɗaya zai sha abin da ya fi ruwan buƙatar dukkansu.

Yankin Madarunfa na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a jahar Maraɗi, amma milimita 500 zuwa 600 ne a shekara, cikin wata uku ko huɗu. Sauran watannin sai rijiya, fadama, gulbi da tafki. A filin noman rani na Jiratawa, mai hekta 500 da ƴan kai, kason magidanci ɗaya bai kai rabin hekta ba, kuma daga nan zogale, albasa da tumatir ke fita zuwa kasuwannin Maraɗi. Hekta 50 na filin wasa ɗaya gonakin magidanta sama da 100 ne.

Wannan ba damuwar Sahel kaɗai ba ce. A farin da aka yi a Faransa a 2022, an hana mutane ba lambunansu ruwa a wurare da dama, amma aka sassauta wa filayen ƙwallon lambu su shayar da ciyawar bakin rami. A watan Agusta masu fafutukar kare muhalli suka cika ramukan wasu filaye da siminti kusa da birnin Toulouse. A Maroko kuwa, filayen Marrakech da yawa sun koma shan ruwan ƙazantar gari da aka tace, don a rage taɓa na ƙarƙashin ƙasa.

Ana wasan ba ciyawa

Abin da masu tallar manyan filaye ba su cika faɗa ba shi ne wasan bai dogara da ciyawa ba. A bayan garin Yamai, kan hanyar Tilaberi kusa da kogin Isa, an san filin Rio Bravo da ake bugawa a kan ƙasa da tsakuwa. Ɗan wasa na tafe da ƴar shimfiɗar ciyawar roba, ya ɗora ƙwallo ya buga. Bakin rami kuwa yashi ne da aka cuɗa da mai aka daddale.

Haka aka daɗe ana yi a Najeriya. Filin Rayfield na Jos ya samo asali tun 1913, zamanin Turawan haƙar kuza, na Kaduna tun 1921, ga na Kano da na Zariya, kuma shekaru da dama a kan yashi ake jefa ƙwallo a rami. A filin Ikoyi na Legas, lokacin yana da bakin rami na yashi, Lee Elder ya ci gasar Najeriya a 1971, shekara huɗu kafin ya zama baƙar fata na farko da ya buga gasar Masters. Filin IBB na Abuja mai koriyar ciyawa sai a 1991 aka buɗe shi.

Gwaninta ma ba a filin tsada ake samunta ba. Seve Ballesteros ɗan Sipaniya, wanda ya ci manyan gasa biyar, ɗan manomi ne da ya fara da dakon jaka, ya koyi bugu a kan rairayin bakin teku da tsohuwar sanda guda ɗaya.

To, ya cancanci a biya?

Ya danganta da mai biya da kuma aljihun da kuɗin suka fito.

Mai koyo bai da abin da zai samu. Manyan filaye an tsara su ne don su wahalar da ƙwararru, sabon hannu zai ɓata yininsa yana neman ƙwallo. A St Andrews ma sai ka nuna shaidar ka kai wani mataki kafin a bar ka ka buga tsohon filin. Kuɗin zagaye ɗaya a can sun isa sanduna da malami na tsawon watanni a ƙaramin fili.

Wanda ya daɗe yana wasan, ya sauke nauyin iyali, kuma daga rarar dukiyarsa zai cire, in ya je sau ɗaya a rayuwa ba a ce ya yi wauta ba. Mutanenmu ma suna barin Maraɗi su tafi Agadas ko Difa kallon kokowar takobi, su biya mota da masauki, alhali ana nuna ta a talabijin. Ko shi ɗin, in ya zaɓi lokacin sanyi ko yamma, farashi na sauka sosai. A St Andrews cikin hunturu kuɗin kan faɗi zuwa rabi ko ƙasa, sai dai a lokacin a kan ƴar shimfiɗa ake bugawa, kamar a Yamai.

Ɗan kasuwar da ke biya don ya yi awa huɗu yana tafe da wanda zai sa hannu a kwangila, shi ba wasa ya saya ba, ganawa ya saya, littafin cinikinsa ne zai faɗa masa ko ta biya. Wanda kuwa zai ci bashi don ya ɗauki hoto ya watsa a WhatsApp, ya tuna kayan aro ba ya rufe katara. Inda babu gardama shi ne kuɗin jama'a: baitulmalin da bai gama haƙa rijiyoyi ba, bai da hujjar shayar da ciyawar mutum 240.

Abin koyi daga St Andrews

Tsadar St Andrews ta bambanta da ta sauran, kuma nan ne darasin yake. Filin jigawa ce ta bakin teku, inda tumaki ke kiwo tun da. Wata takarda ta 1552 ta tabbatar wa mutanen garin haƙƙinsu na yin wasa a wurin. Tun 1974 dokar majalisa ta damƙa kula da shi ga wata hukumar amana wadda ba ta raba riba, rarar da aka samu cikin filayen take komawa. Ɗan gari yana biyan kuɗin shekara guda cur da ba su yi nisa da abin da baƙo ke biya na yini ɗaya ba. Ana ware wurare da yawa a yi ƙuri'a kwana biyu kafin wasa, don kada masu hannu da shuni su kwashe duka. Ran Lahadi kuwa, in ba gasa ake ba, ba a wasa a tsohon filin, iyalai ne ke yawo a kansa kyauta.

Gundumar Madarunfa tana da abubuwan da baƙo zai iya biya don ya gani: tafkin da ke karɓar ruwan gulbin Gabi da na Maraɗi, da tsuntsayensa da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta, ga dajin Baban Rafi. Ran da mai kuɗi ya zo neman hekta 50 don wurin shaƙatawa, ko na ƙwallon lambu ne, ko otel, ko filin sukuwa, dokar karkara ta tanadi hukumomin kula da filaye tun daga ƙauye har ƙaramar hukuma, kuma a gabansu ya kamata a yi maganar. Kafin a tambayi nawa baƙo zai biya a ƙofa, sai a fara tambaya daga ina ruwan zai fito, sunan wa zai zauna a takardar filin, ina burtalin dabbobi zai bi, nawa ɗan gari zai biya, kuma aljihun wa rarar za ta shiga. In amsoshin sun fito a rubuce, baƙo ya biya jika 400 ɗinsa lafiya. In ba su fito ba, manomi da makiyayi ne za su cika sauran kuɗin, ko da ba su taɓa taka ciyawar ba.