ADDU'AR ROƘO DOMIN WASU A ADDININ KIRISTA: TUSHENTA DA INDA AKA SAƁA

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bayyana wata ibada da ta game dukkan ɗariƙun Kirista, watau mutum ya tsaya gaban Allah yana roƙo domin wani, ba domin kansa ba. Za mu duba tushenta a Littafi Mai Tsarki, da yadda ta shiga tsarin sujada, sa'an nan mu nuna inda aka sami saɓani a kanta. Abin da muke so mu tabbatar shi ne, Kirista ba su taɓa jayayya a kan halaccin yi wa wani addu'a ba. Gardamarsu tana kan wanda ya halatta a nemi ya yi roƙon, da wanda za a yi wa.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu warware wata matsala ta kalma. A bakin Bahaushe Musulmi, "ceto" yana nufin roƙon da za a yi wa bayi Ranar Lahira. Amma a Hausar ikilisiya, wadda ta kafu sosai bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, "ceto" shi ne kuɓuta daga zunubi, kuma Yesu kaɗai ake kira Mai Ceto. Saboda haka ba za mu kira wannan ibada ceto ba. Za mu riƙa cewa roƙo.

2.0 Tushenta a Littafi Mai Tsarki

A Tsohon Alkawari, fitaccen misali shi ne na Ibrahim a Farawa sura 18. Da ya ji za a hallaka Saduma, sai ya roƙa a bar birnin in an sami adalai 50 a cikinsa, ya yi ta ragewa har ya kai 10. Haka nan Musa, a Fitowa sura 32, ya roƙa wa Isra'ilawa gafara bayan sun bauta wa ɗan maraƙin zinariya, har ya yarda a shafe sunansa in ba za a yafe musu ba. Ayuba kuwa sai da ya yi wa abokansa uku addu'a aka mayar masa da arzikinsa.

A Sabon Alkawari al'amarin ya ɗauki wani sabon fasali. Yesu ya umarci almajiransa su yi wa masu tsananta musu addu'a, Istifanas kuma ya aikata hakan yayin da ake jifansa, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 7 ta nuna. Wasiƙar Yakubu ta ce marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a su shafa masa mai. Amma ayoyin da suka fi muhimmanci ga batunmu suna cikin 1 Timoti sura 2. A nan aka yi umarni da a yi roƙo domin dukkan mutane, har da sarakuna, kuma a wuri guda aka ce matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, watau Almasihu. Ma'ana, mai roƙo ba da alfarmar kansa yake zuwa ba. Shi ya sa Kirista ke rufe addu'a da sunan Yesu.

3.0 Shigarta cikin sujada

Tun wajen shekarar 150, Jastin Shahidi ya bayyana cewa a Rum, ran Lahadi, bayan karatu da wa'azi, jama'a kan miƙe gaba ɗaya su yi addu'a. A wajen 197 kuma, Tertuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta cewa Kirista suna roƙa wa Kaisar tsawon rai da zaman lafiyar daula, ko da yake sun ƙi yi masa hadaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hukumar da suke roƙa wa alheri ita ce mai tsananta musu.

Sannu a hankali wannan addu'a ta jama'a ta ɓace daga sujadar Katolika ta Rum, in ban da ran Jumma'a Mai Kyau. Majalisar Fatikan ta Biyu ce ta maido da ita a 1963, ta ce a riƙa yin ta bayan wa'azi domin ikilisiya, da mahukunta, da mabukata, da duniya baki ɗaya. A ikilisiyoyin ƙasar Hausa ma, wanda ya halarci taron Zumuntar Mata zai ji ana ambaton majinyata da matafiya da waɗanda aka yi wa rasuwa, ana roƙa musu.

4.0 Inda aka saɓa

Saɓani na farko shi ne ko ya halatta a roƙi tsarkaka da suka rasu, irin su Maryamu da manzanni, su yi roƙo domin masu rai. Katolika da Otodoks sun yarda, bisa hujjar cewa mutuwa ba ta raba mai bi da ikilisiya. Mabiya Martin Luta, a bayanin bangaskiyarsu da suka gabatar a Augsburg a 1530, sun ce a tuna da tsarkaka a yi koyi da su, amma Nassi bai koyar da kiransu ba. Majalisar Tirent ta amsa a 1563 cewa kiransu abu ne mai kyau da amfani, amma ta ƙara da cewa alherin daga Allah yake zuwa ta wurin Ɗansa.

Saɓani na biyu shi ne yi wa matattu addu'a. Katolika suna kafa hujja da 2 Makabi sura 12, littafin da Furotesta ba su lissafa shi cikin Nassi ba. Don haka yawancinsu, a wurin jana'iza, iyalin mamaci suke roƙa wa ta'aziyya, ba mamacin ba.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa ɓangarorin biyu sun haɗu a kan matsakanci ɗaya, sun rabu a kan iyakar waɗanda za su yi roƙo da waɗanda za a yi wa. Muna ba malaman da ke koyar da ilmin addinai a kwalejojinmu shawara su rarrabe wa ɗalibai roƙo da ceto tun daga darasin farko, domin a aji ɗaya akan sami Musulmi da Kirista, kowa na jin kalmar da ma'anar gidansu.