Shin Ko Kun San? Lissafin da Ke Cikin Watanda

Shin ko kun san watandar da ake yi a Shinkafi, Ƙauran Namoda da Zurmi idan sallah ta ƙarato ta taɓo matsalar da ta daɗe tana wahalar da masana lissafi? Mutum goma sun haɗa kuɗi, an sayo sa a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, an yanka. Mahauci ya kasa nama kashi goma: ga tsoka, ga ƙashi, ga 'yar hanta da tumbi bisa kowane kaso. Sai kowa ya kawo alamarsa, wani tsinke, wani tsakuwa, wani makulli. A kira yaron da bai ga sanda aka tara su ba, a ce, "Zo nan, ɗora kowace bisa kaso ɗaya." Mai kasawa bai san wane kaso zai faɗa hannun amininsa ba, dole hannunsa ya daidaita. A ganina, nan hikimar take gaba ɗaya, kuma abin takaici ne a bar ta don gaggawa.

Tsakanin mutum biyu abin ya fi sauƙi. Uwa ta miƙa rake ta ce, "Kai ka raba, ƙanenka ya zaɓa." Wannan dabarar ce aka sa cikin yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982: mai neman haƙar ma'adinai a ƙasan teku ya kawo fili biyu, hukuma ta ɗauki ɗaya.

Idan aka kai uku fa? Hugo Steinhaus, masanin lissafi ɗan ƙasar Foland, ya wallafa nazari kan rabon adalci a 1948. John Selfridge wajen 1960, da John Conway daga baya, kowa shi kaɗai, suka gano yadda mutum uku za su raba abu ba tare da wani ya yi ƙyashin kason wani ba, da yankan da bai wuce biyar ba. Hanyar da za ta ɗauki kowane adadi na mutane cikin matakai masu iyaka kuwa sai a 2016 Haris Aziz da Simon Mackenzie suka samo ta.

Watanda dai ƙuri'a ce, haka ma jifan kwandala. Shin ko kun san kwandalar da alƙalin wasa ke jefawa tana da ɗan son kai? A 2007 Persi Diaconis da abokan aikinsa suka lissafa cewa ta fi faɗuwa da fuskar da ke sama lokacin jifa. A 2023 mutum 48 suka jefa kwandaloli sau 350,757, aka samu hakan ya faru kashi 50.8 cikin ɗari. Don haka a rufe ta da hannu kafin mai zaɓe ya faɗi nasa.

Ko kwandalar lanƙwasasshiya ce, John von Neumann ya ba da magani tun 1951: a jefa sau biyu. Idan fuskokin sun zo iri ɗaya a sake, idan sun bambanta a ɗauki ta farko.

Ƙuri'a kan raba gardama har a ƙwallon ƙafa. A gasar cin kofin Afirka ta 2015, Mali da Gini sun buga wasa uku-uku, duk kunnen doki 1-1. Aka ja ƙuri'a a Malabo, ta faɗa wa Gini. Mali ta koma gida ba wanda ya ci ta ko sau ɗaya.